Tafintan Sauti: 'Yar Na'urar da Ake Jonawa Tsakanin Kwamfuta da Iyafis

 

Abin da ya jawo bayanin yau shi ne wata tambaya da wani ɗalibi ya yi mini bayan an tashi daga aji. Ya ce yayansa ya sayo wata 'yar na'ura da tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Yakan cusa baki ɗaya a jikin kwamfuta, ya jona iyafis ɗinsa a ɗaya bakin. Yaron ya ce, "Malam, ai kwamfutar tana da ramin iyafis nata. To mene ne amfanin wannan kuma? Ko dai ɓarnar kuɗi ce?"

Amsar a taƙaice ita ce: a wurin wani tana da amfani ƙwarai, a wurin wani kuwa kuɗi kawai ya zubar. Ka biyo ni sannu a hankali, in ka kai ƙarshe za ka iya gane ko kai wanne ne a cikin biyun. Akwai kuma gargaɗi a kan lafiyar kunne, wanda shi ya fi kome muhimmanci a cikin maganar duka.

Turawa suna kiran wannan na'ura DAC, ana faɗa "dak". Haruffan farko ne na kalmomi uku na Ingilishi, ma'anarsu abin da ke juya lambobi su koma motsin lantarki. Mu a nan bari mu kira ta tafintan sauti. Za ka ga dalili nan gaba.

MENE NE SAUTI?

Ɗora yatsunka a maƙogwaronka ka ce "aaa". Ka ji wani abu yana karkarwa? To wannan karkarwar ita ce asalin sauti. Tana tura iskar da ke kusa, ita kuma ta tura ta gabanta, har turin ya iso wata 'yar fata siririya da ke cikin kunnen mai sauraro, ita ma ta kama karkarwa. Haka abin yake ga fatar ganga in an buga ta.

Idan karkarwar tana da sauri, sai sautin ya fito siriri kamar kukan sauro. Idan tana tafiya a hankali, sai ya fito da kauri kamar rugugin hadari daga nesa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da ke karkarwa daga sau 20 har zuwa kimanin sau 20,000 a sakan ɗaya. Da mutum ya fara manyanta, sai siraran sautukan nan na can sama su riƙa ɓace masa kaɗan-kaɗan.

Lasifika ma da karkarwa take aiki. A cikinta akwai mayen ƙarfe, da wata siririyar waya a naɗe, da faifai mara nauyi. In lantarki ya ratsa wayar yana hawa yana sauka, sai faifan ya riƙa gaba da baya yana tura iska. Iyafis ɗin da kake sa wa a kunne da hedifon mai rufe kunne duka ƙananan lasifikoki ne.

YADDA SAUTI KE ZAMA LAMBA

Iyayenku sun san kaset da rikoda. A kaset, ana ajiye siffar sautin ne a jikin zaren nan mai ruwan ƙasa ta hanyar maganaɗisu. Ita kuwa kwamfuta ba ta iya ajiye kome sai lamba. Hoto lamba ne a wurinta, rubutu lamba ne, murya ma lamba ce.

Ga yadda ake yi. Ka ɗauka yaro yana kan lilo, kai kuma kana tsaye da takarda da fensir. Kowane ƙiftawar ido sai ka rubuta inda lilon yake: gaba taku biyu, gaba taku ɗaya, tsakiya, baya taku ɗaya, da sauransu. In ka rubuta da sauri sosai, wanda bai ga lilon ba zai iya duba takardarka ya gane yadda ya yi ta kai da kawowa. Haka ake yi wa sauti. Makirufo yana juya karkarwar iska ta zama lantarki mai hawa da sauka, sai wata na'ura ta riƙa auna ƙarfin lantarkin tana rubuta lamba.

Sau nawa ake aunawa? Kamfanonin Sony da Philips, da suka fito da faifan CD a shekarar 1982, sun tsayar da awo 44,100 a kowane sakan. Ba da ka suka zaɓi lamba mai yawa haka ba. Akwai wata ƙa'ida ta lissafi da ake jingina wa masana biyu da suka yi aiki a Amurka, Harry Nyquist da Claude Shannon. Ƙa'idar ta ce in kana so ka kama sauti daidai, sai yawan awonka ya zarce ninki biyu na karkarwar da ta fi kowace sauri a cikinsa. Kunne yana tsayawa a 20,000. Ninki biyu 40,000 ke nan. Aka ƙara kaɗan a kai don a sami sarari.

Kowane awo kuma ana rubuta shi da gurbi 16 na sifiri ko ɗaya, kowane gurbi ana ce masa "bit". Bit 16 suna ba da matakai 65,536 tsakanin ƙasa da sama. Wato kamar ma'auni ne mai zane 65,536 a jikinsa. Yawancin abin da kake saurara a kwamfuta da waya a yau, awo 44,100 ne ko 48,000 a sakan.

AIKIN TAFINTA

To yanzu sauti ya zama lambobi a cikin kwamfuta. Amma iyafis bai san lamba ba, lantarki mai hawa da sauka kawai ya sani. Dole a sami wanda zai tsaya a tsakani.

Ka duba wannan mujalla da ke hannunka. Kalmar "ruwa" an iya rubuta ta da ajami, an iya rubuta ta da boko. Ko ta wane hali, shiru take a kan takarda, sai an sami mai karatu ya buɗe baki sannan kunne ya ji ta. Dak shi ne mai karatun. Yana karɓar lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da lantarki daidai da kowace lamba, sannan a tace lantarkin ya fito sumul kamar yadda ya shiga makirufo tun farko. Yana kuma da agogo a cikinsa, don kada ya yi gaggawa ko ya yi nawa wajen karanta lambobin.

Bayan dak akwai ɗan ƙaramin amfilifaya. Aikinsa irin na babbar amfilifayar da ake jona wa lasifika a wurin taro ne: ya ƙara wa lantarkin ƙarfi har ya iya motsa faifan iyafis. 'Yar na'urar da yayan ɗalibin nan ya saya tana ɗauke da su biyun, dak da amfilifaya. Ba ta da batir. Daga ramin USB take shan wuta, wanda ke ba da bolt 5, ta nan kuma lambobin suke iso mata.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne: duk na'urar da ke ajiye sauti a lamba kuma take fitar da shi, tana da dak a cikinta. Wayarka tana da shi. Kwamfuta tana da shi a bayan ramin iyafis ɗinta. Saboda haka wanda ya sayi na waje, ya sauya tafinta ne kawai, ya ajiye na cikin gida ya ɗauko na haya.

ME ZAI SA A NEMI NA WAJE?

Dalili na farko, babu rami ko ramin ya lalace. A shekarar 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 ba tare da ramin iyafis ba, daga baya wasu kamfanoni da dama suka bi sahu. A tsohuwar kwamfuta kuwa, ramin yakan saki saboda yawan sakawa da cirewa, ko ƙura ta cika shi, sai ka ji kunne ɗaya yana yi ɗaya ya ɗauke. Jona dak a ramin USB ya fi sauƙi a kan kwance kwamfutar gaba ɗaya a wurin mai gyara.

Dalili na biyu, ƙara. Cikin kwamfuta wuri ne mai cunkoson lantarki. In ba a killace sashen sauti da kyau ba, sai ka riƙa jin "sssss" a lokacin da ya kamata a ji shiru, ko wani ɗan tsiwa-tsiwa duk lokacin da ka motsa linzami. Dak mai kyau yana yin aikinsa a waje, nesa da wannan cunkoso, sai ƙarar ta ragu ko ta ɓace.

Dalili na uku, hedifon mai nauyin ja. Kowane iyafis yana da abin da ake kira turjiya, wato yadda yake tare wa lantarki hanya, ana auna ta da "om". Iyafis na yau da kullum om 16 ne zuwa 32, kowace waya tana iya ja. Amma akwai manyan hedifon na masu aikin rediyo da ɗaukar murya da suka kai om 250 ko 300, misali Sennheiser HD 600 om 300 ne. Irin waɗannan in ka jona su a ramin da ba shi da ƙarfi, ko ka ƙure maɓallin ƙara sai ka ji muryar can ƙasa-ƙasa. Su ne suke buƙatar amfilifaya mai ba da bolt 2 ko fiye.

INDA BA ZAI AMFANE KA BA

Tafinta ba ya faɗar abin da ba a faɗa ba. In an ɗauki karatu ko darasi da waya a cikin hayaniya, ga kukan janareta ga hon ɗin mota, dak zai kawo maka su duka a fili. Haka nan sautin da aka matse shi ƙwarai don ya yi saurin tafiya a WhatsApp. Minti ɗaya na sautin CD yana cin kimanin megabait 10, amma MP3 na gama-gari yana iya mayar da shi kimanin megabait 1, ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. In matsar ta yi yawa, sai ka ji haruffa irin su sin da shin da sad sun zama wani shuu-shuu. Abin da aka zubar ya tafi, babu na'urar da za ta dawo da shi. Mai son jin mafitar kowane harafi tsaf, ya fara neman rikodin mai kyau.

Ba zai gyara iyafis mara kyau ba. A duk jerin nan, iyafis ne ya fi sauya yadda sauti ke fita. In kuɗinka na abu ɗaya ne, kuma ramin kwamfutarka lafiya lau yake, sa kuɗin a iyafis.

Ba shi da aiki ga iyafis na Bluetooth, ko hedifon mai bakin USB. Waɗannan lambobi suke karɓa, kuma suna da nasu dak ɗin a ciki.

Sai kuma manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali: bit 32, awo 384,000 a sakan. Kada su ruɗe ka. Ka riga ka ga lissafin: awo 44,100 ya ishi iyakar abin da kunne ke ji. Manyan lambobi suna da amfani ga masu haɗa sauti a situdiyo, amma ga mai saurare a ɗaki ba su ne ma'aunin kyau ba.

GWAJI KAFIN SAYE

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga gwaji uku da ba su cin ko kwabo.

Na ɗaya: jona iyafis a kwamfuta, kada ka kunna kome, ka saurara a wuri mai shiru. In ba ka ji ƙara ba, ramin lafiya yake.

Na biyu: in ka ji wani gunji "mmmm", zare cajar kwamfutar ta koma kan batir. In gunjin ya ɗauke, to daga wuta yake shigowa. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kai da kawowa sau 50 a sakan, kuma caja mara inganci ko wutar janareta tana iya shigo da ƙara. A nan cajar ya kamata a fara dubawa, domin irin wannan ƙarar tana iya bin ramin USB ta shiga dak ɗin ma.

Na uku: jona iyafis ɗin a wata waya ko wata kwamfuta. In matsalar ta bi shi can, laifin iyafis ne.

In gwaji ya nuna kana buƙatar dak, lura da abu uku a kasuwa. Da farko dubi bakinsa: mai faɗi ne irin na filashi, ko ɗan ƙarami mai zagayayyen gefe da ake kira USB-C, wanda ya fito a 2014? Ka tabbata ya dace da ramin na'urarka. Na biyu, akwai wasu 'yan wayoyi masu bakin USB-C da suka yi kama da dak amma babu dak a cikinsu, waya ce zalla. Suna aiki ne kawai a wasu wayoyin salula da ke turo sauti ta wannan rami, a kwamfuta kuwa shiru za ka ji. Araha ba ta ado. Ka tafi da na'urarka da iyafis ɗinka a gwada a gabanka kafin ka biya. Na uku, dubi tsinken iyafis ɗinka, wanda kaurinsa milimita 3.5 ne. In zobe biyu ne a jikinsa, na saurare ne kawai. In zobe uku ne, akwai makirufo. Ba kowane dak ke karɓar makirufo ba, saboda haka mai halartar darasi ta intanet ya tambaya, ya kuma gwada.

YADDA AKE JONAWA

1. Cire iyafis daga kunnenka tukuna.
2. Jona iyafis a jikin dak, sannan ka cusa dak a ramin USB.
3. Jira kaɗan. Windows 10 da 11, da kwamfutocin Apple, da Linux, da yawancin wayoyin Android suna gane shi da kansu, domin akwai ƙa'ida guda ta sautin USB da aka tsayar tun 1998, aka sabunta ta a 2006.
4. In sauti bai koma can ba, danna alamar lasifika da ke kusa da agogo a ƙasan allo, ka zaɓi sunan sabuwar na'urar.
5. Rage ƙara ta koma ƙasa sosai. Wannan mataki kada ka tsallake shi, domin sau da yawa sabuwar na'ura tana farawa da ƙara mai yawa.
6. Yanzu sa iyafis, kunna abin da za ka saurara, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Kada ka bar shi yana reto a jikin kwamfuta in za ka sa ta a jaka, yana iya karya ramin. Kada ka fizge shi ta waya, kama kansa. In a wayar salula ka jona shi, ka sani yana shan batir. In ya ɗan yi ɗumi ba kome, amma in ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, cire shi.

KUNNE BA SHI DA SAFAYA

Yanzu mun zo kan maganar da ta fi kome. A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar karkarwa su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin tsoron shi ne ba a jin zafi lokacin da ɓarnar ke faruwa. Sai bayan shekaru mutum ya tarar yana cewa "na'am?" sau biyu sau uku kafin ya gane magana.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum kimanin desibel 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda saurare da ƙara mai yawa. Ga ma'aunin da ta bayar ga babban mutum a mako guda:

Desibel 80: awa 40
Desibel 85: awa 12 da rabi
Desibel 90: awa 4
Desibel 95: awa 1 da minti 15
Desibel 100: minti 20

Ga yara kuwa an rage, desibel 75 ne na awa 40. Ka lura da yadda lokacin ke zubewa: duk ƙarin desibel 3, lokacin da aka yarda yana komawa rabi. Iyafis na yau da kullum in an ƙure shi yana iya kai desibel 100 ko ya wuce. To ina ga an ƙara masa amfilifaya mai ƙarfin jan hedifon na om 300? Wannan shi ne haɗarin 'yar na'urar nan a hannun yaro.

Saboda haka ka kiyaye waɗannan. A waya, kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100, in kuwa da dak mai ƙarfi ne, ka tsaya ƙasa da haka nesa. In wanda ke tsaye kusa da kai, nisan miƙa hannu, sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ƙarar ta yi yawa. Ka riƙa cire iyafis kunne ya huta. Kada ka yi gasa da janareta ko hayaniyar titi, gara ka koma wuri mai shiru. Kada ka kwana da shi a kunne, kada kuma ka sa shi kana tsallaka titi ko kana tuƙa keke. In ka cire ka ji kunnenka yana "wiii", ko maganar mutane ta dushe, gargaɗi ne. In abin ya wuce kwana ɗaya bai daina ba, gaya wa iyayenka a je asibiti wurin likitan kunne.

Iyaye kuma, ga roƙonmu gare ku. In kuna jin abin da yaro ke saurara alhali iyafis yana kunnensa, ku sa shi ya rage. Wayoyi da yawa suna da wurin da ake ƙayyade iyakar ƙara, ku nemi wanda ya sani ya saita muku. Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da ba ya warkewa.

GWADA KANKA

1. Sautin CD awo 44,100 ne a sakan, kowane awo bit 16, kunne kuma biyu ne. Bit nawa ke nan a sakan ɗaya?
2. In an yarda da awa 40 a desibel 80, awa nawa aka yarda a desibel 86?
3. Wata ɗaliba tana da iyafis na Bluetooth, tana so ta sayi dak na USB don sautinsa ya ƙara kyau. Wace shawara za ka ba ta, kuma me ya sa?

A rubuta amsa a takarda mai tsabta, da ajami ko da boko, a sa suna da aji, a miƙa wa malamin aji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.